Ranar Ubangiji da Wanda Aiki Ya Riƙe



Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin masu bi na yankinmu, tun daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, har garuruwan da ke kan hanyar Magami da Ɗansadau. Soja yana yin ta, ma'aikaciyar jinya tana yin ta, haka ma yaron shago da manomi: "Fada, ranar Lahadi ina bakin aiki, ban sami zuwa Misa ba. Na yi zunubi ke nan?" Tambaya ce mai nauyi wadda ba ta kamata a amsa ta a tsaitsaye a ƙofar coci ba, gama a kanta mutum biyu suke ɓata. Na farko shi ne wanda ba shi da laifi ko kaɗan, amma zuciyarsa ta yi ta cinsa har ya daina karɓar Jikin Kristi, daga bisani kunya ta hana shi zuwa ko da ya sami sarari. Na biyu kuwa shi ne wanda ya mai da kalmar "aiki" bargon lulluɓa, shekara ta zagayo ba a ga ƙeyarsa a taron masu bi ba, shi kuwa yana ganin lafiya lau yake da Allah. Saboda su biyun nan ya kyautu mu duba abin da Allah ya umarta, da abin da Ekklisiya take koyarwa, sa'an nan mu ga yadda za mu bi shi a wannan ƙasa tamu.

Abin da Allah ya umarta

Dokar kiyaye ranar hutu, wadda muke ƙirgawa ta uku cikin Dokoki Goma, ta zo sau biyu a Littafi Mai Tsarki, kowane zuwa da dalilinsa. A Littafin Fitowa 20:8-11 an ɗora ta a kan halitta: Allah ya yi aikinsa cikin kwana shida, ya huta a rana ta bakwai, ya sa mata albarka. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 kuwa an ɗora ta a kan fansa: Isra'ilawa su tuna dā su bayi ne a Masar, Ubangiji ne ya fisshe su. Domin haka dokar ba ta tsaya ga maigida kaɗai ba, ta haɗa da ɗansa da 'yarsa, da baransa da baranyarsa, da baƙon da ke gidansa, har da sa da jaki. Bawa ba shi da ranar da zai ce tasa ce. Wanda Allah ya 'yanta ne yake iya ajiye fartanya rana guda cikin bakwai, ya shaida cewa ba gumin goshinsa kaɗai ke riƙe da shi ba.

Allah kuwa ya san halin manomi sarai. Shi ya sa a Fitowa 34:21 aka ƙara da cewa hutun nan yana nan ko a lokacin huɗa da lokacin girbi, watau daidai lokacin da zuciya take cewa babu halin tsayawa. A jeji ma, sa'ad da ake tsintar manna, Ubangiji yakan ba da rabon kwana biyu a rana ta shida, waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai kuwa suka komo hannu wofi.

Da Ubangijinmu Yesu ya zo, ya tarar malaman Attaura sun kewaye wannan kyauta da ƙa'idodi har ta zama kaya a kan talakawa. Almajiransa suka ji yunwa, suka zagi hatsi a gona ran Asabaci, Farisiyawa suka yi gunaguni, shi kuwa ya tuna musu cewa an yi ranar domin amfanin mutum, mutum ba a yi shi domin ranar ba (Markus 2:23-28). Ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya tambayi shugaban majami'a ko shi ba ya kwance sansa ya kai shi banruwa a ranar hutu (Luka 13:10-17). Yesu bai soke dokar ba. Ya nuna mana cewa aikin jinƙai da aikin larura ba sa ƙazantar da ranar Allah.

Mu Kirista muna kiyaye ranar farko ta mako domin a cikinta ne Ubangiji ya tashi daga matattu, a cikinta ya bayyana ga manzanni, a cikinta kuma Ruhu Mai Tsarki ya sauko ran Fentikos. Tun zamanin manzanni ake kiranta Ranar Ubangiji.

Kakanninmu cikin bangaskiya ma'aikata ne

Mutane da yawa suna zaton tun fil'azal Lahadi ranar hutu ce. Ba haka ba ne. Kusan shekara 300 na farkon Ekklisiya, Lahadi ranar aiki ce kamar kowace rana a Daular Roma, masu bi da dama kuma bayi ne da 'yan ƙwadago waɗanda ba su da ikon cewa yau ba za su fita ba. To, yaya suka yi?

A Ayyukan Manzanni 20:7-12 mun ga masu bi na Taruwasa sun taru da dare a ranar farko ta mako domin gutsuttsura gurasa, Bulus ya yi ta jawabi har tsakar dare, wani saurayi mai suna Aftikos barci ya kwashe shi, ya faɗo daga bene. Wajen shekara ta 112, gwamnan Bitiniya mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa ya bincike Kirista, ya tarar sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye, su yi wa Kristi waƙa, su ɗauki alkawarin guje wa sata da zina da cin amana, sa'an nan su watse. Dalilin sammakon a fili yake: kafin rana ta ɗaga kowa yana wurin aikinsa. Wajen shekara ta 155 Waliyyi Yustin Shahidi ya bayyana yadda mutanen birni da na ƙauye suke haɗuwa wuri guda ran Lahadi, a karanta Littattafai, a yi wa'azi, a miƙa gurasa da ruwan inabi, dikinoni kuma su kai wa waɗanda ba su sami halarta ba rabonsu. Ku lura da wannan: tun a wancan zamani Ekklisiya ta san akwai waɗanda ba za su iya zuwa ba, ta kuwa bi su da Jikin Kristi har inda suke.

A shekara ta 304, zamanin tsanantawar Sarki Diyokilishiyan, aka kama masu bi 49 a garin Abitina, a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, suna Misa a gidan wani ɗan'uwa tare da firist ɗinsu Saturninus. Da alƙali ya tambayi dalilin da ya sa suka karya dokar sarki, suka amsa cewa ba za su iya rayuwa ba in babu taron Ranar Ubangiji. Suka mutu a kan haka. Sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya kafa dokar da ta mai da Lahadi ranar hutu ga kotuna da masu sana'a a birane. Duk da haka dokar ta bar manoma su shiga gona, domin ta san ruwan shuka ba ya jiran kowa.

Abin koyi a nan shi ne, kakanninmu ba su sami hutun Lahadi ba, amma ba su taɓa sakin taron Lahadi ba. Ɗan abin da ke hannunsu, asuba ne ko dare, shi suka ba Allah.

Abin da Ekklisiya take koyarwa

Kundin Dokokin Ekklisiya na shekara ta 1983, a doka ta 1247, ya ɗora mana abu biyu. Na ɗaya, halartar Misa ran Lahadi da sauran ranakun wajibi. Na biyu, barin ayyuka da harkokin da za su hana mu sujada, ko su ɗauke mana farin cikin ranar, ko su hana jiki da zuciya hutun da ya dace. Doka ta 1248 ta ce wanda ya halarci Misa da yammacin Asabar ya sauke wajibin. Ta kuma ce inda babu firist, ko akwai wani babban dalili da ya hana, ana ƙarfafa masu bi ƙwarai su taru a yi hidimar Maganar Allah, ko kuwa su keɓe lokaci su yi addu'a, mutum shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko gidaje su haɗu. Doka ta 1245 ta ba Fadan da ke riƙe da fariș ikon ɗauke wa mutum wajibin saboda dalili mai kyau, ko ya musanya masa da wani aikin ibada.

Katekizim na Ekklisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya ƙara haske. A lamba ta 2181 ya ce wanda ya ƙi Misa da gangan, ba tare da babban dalili ba, ya yi zunubi mai nauyi, ya kuma ambaci rashin lafiya da renon jarirai cikin dalilan da ke ɗauke laifi. A lamba ta 2185 ya ce bukatar iyali da hidima mai muhimmanci ga jama'a suna iya zama uzuri, amma ya gargaɗe mu kada uzurin ya rikiɗe ya zama al'adar da za ta cuci addini da iyali da lafiya. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya sake zuwa Nijeriya a watan Maris na 1998, ya rubuta wasiƙa sukutum a kan Ranar Ubangiji a ranar 31 ga Mayu, 1998, inda ya roƙe mu kada mu ji tsoron ba Kristi lokacinmu.

Saboda haka amsar tambayar da muka fara da ita ita ce: zunubi yana bukatar sani da kuma nufi. Wanda aka tilasta masa, ko larura ta riƙe shi, bai ƙi Allah ba. Wanda yake da zaɓi, ya zaɓi riba ko barci, shi ne yake da abin faɗa a wurin ikirari.

Yadda abin yake a ƙasarmu

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, har bayan da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, ofisoshin gwamnati da bankuna suna rufe Asabar da Lahadi kamar sauran Nijeriya. Ma'aikacin ofis ba shi da hujja a nan. Amma kasuwa da tasha da gareji da gona ba su san Lahadi ba, gama ga mafi yawan maƙwabtanmu rana ce kamar Talata. Asibiti kuwa da barikin soja da ofishin 'yan sanda ba sa rufewa ko da wace rana.

A kan wannan aka ƙara masifar 'yan bindiga, wadda ta haura shekara goma tana cin yankinmu. Hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau ta kai matsayin da sau da yawa motoci ba sa bin ta sai da rakiyar jami'an tsaro. Gonaki masu albarka sun koma saura, a wasu wurare kuma sai an biya harajin zalunci kafin a yanke dawa. A shekara ta 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Shekara guda kafin nan, a 2020, annobar korona ta sa an taƙaita taruwa a wuraren ibada a sassa da dama na ƙasar nan. Duk wanda zai yi wa'azi a kan Lahadi a wannan yanki ba tare da ya dubi waɗannan abubuwa ba, ya ɗora wa mutane kayan da shi kansa ba zai taɓa da yatsa ba.

To, bari mu faɗa a sarari. Kai soja ko ɗan sanda da aka girke a Magami ko Wanke, kana tsaye da bindiga domin matafiya su isa gida da rai, ba ka karya dokar Allah ba. Ke ma'aikaciyar jinya da kike kwana a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a ƙaramin asibitin ƙauye kina karɓar haihuwa, aikin da Yesu ya yi ran Asabaci shi kike yi. Kai manomi da ka ji labari cewa yau daji ya lafa, an sami rakiya, in ba ka kwaso dammunanka yau ba watakila ka rasa abincin shekara, je ka kwaso, ka gode wa Allah. Ku kuma da hanya ta yi muni tsakaninku da coci, Ekklisiya ba ta ce ku jefa kanku a hannun masu garkuwa ba. Shahidan Abitina sun mutu domin an ce su bar Kristi. Wannan dabam yake da mutum ya kama hanyar da ya san an tare.

Amma akwai wani gefen. Mai shago a Gusau wanda yake buɗewa tun da safe ran Lahadi domin kada abokin ciniki ya koma wa maƙwabci, alhali tukunyar gidansa ba za ta kwana a kife ba in ya rufe, wannan bai shiga cikin masu uzuri ba. Haka ma'aikacin da shi da kansa yake roƙon a sa shi aikin Lahadi saboda ƙarin kuɗi, da mai babur ɗin da yake kai wasu coci ya juya neman fasinja, da manomin da gonarsa ke bayan gari lafiya lau, ya ɗaga noman da zai iya yi Litinin ya kawo shi Lahadi. Annabi Amos ya yi kuka da 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma awo (Amos 8:4-6), Nehemiya kuwa har rufe ƙofofin Urushalima ya yi saboda su (Nehemiya 13:15-22).

Kowa ya auna kansa da tambaya uku. In na bar wannan aiki yau, wa zai cutu, kuma cutar mai girma ce? Ana iya ɗaga shi zuwa wata rana ko wani sa'i? Na taɓa buɗe baki na nemi a sauya mini, ko kuwa shiru na yi don abin ya yi mini daɗi? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya a gaban Allah ya san matsayinsa.

Abin da wanda aiki ya riƙe zai yi

Na farko, ka yi shiri tun da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ka san lokutan Misa a cocin da ke kusa da kai, ta safe da ta yamma, da ta yammacin Asabar inda ake yin ta. Tun 1953 Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu ya buɗe ƙofar Misar yamma, musamman saboda ma'aikata.

Na biyu, ka nemi izini. Da rashin tayi akan bar arha. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun kwana guda cikin kowane kwana bakwai, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tabbatar da 'yancin yin addini. Ka je wurin maigidanka da ladabi. In Musulmi ne, ya san darajar lokacin ibada, gama shi ma yana rufe shagonsa ya tafi masallacin Juma'a. Ma'aikata da dama sun daidaita a tsakaninsu: Kirista ya riƙe wa abokinsa aiki ran Juma'a da ranakun Salla, shi kuma ya riƙe masa Lahadi da Kirsimeti. Wannan zumunci ne da ke faranta wa Allah rai. Amma ka sani, wanda yake zuwa aiki a makare duk mako, roƙonsa ba ya da nauyi. Amincinka daga Litinin zuwa Asabar shi ne zai yi maka magana.

Na uku, in Misa ta gagara sam, kada ranar ta wuce kamar sauran. Ka tashi da wuri ka karanta karatun ranar. Ka ja Rosari a bakin aikinka. Ka faɗa wa Yesu a zuciyarka cewa kana marmarin karɓarsa, ko da yake ba ka iya zuwa bagade ba. In ku biyu ne ko uku a sansani ɗaya ko unguwa ɗaya, ku haɗu ko na minti ashirin ne. Inda akwai katikis, ku taru gare shi a yi hidimar Maganar Allah, kada wani ya ce tun da Fada bai zo ba babu amfanin fita. Da haka bangaskiya ta kafu a wannan yanki tun sa'ad da Fadannin Dominikan suka iso Gusau a shekarun 1950, firistoci kaɗan, ƙasa mai faɗi, katikis yana riƙe da jama'a har Fada ya zagayo.

Na huɗu, ranar da ka sami hutu cikin mako, ka je Misa. Misar Laraba ba ta zama Lahadi ba, amma tana ciyar da rai, tana kuma nuna inda zuciyarka take. Ka zauna da iyalinka a ranar, ku ci abinci tare, yara su ji muryarka cikin addu'a.

Na biyar, in aikinka na kowace Lahadi ne ba ƙaƙƙautawa, ka zo ka ga Fada. Yana da iko ya sauƙaƙa maka, ya ba ka abin da za ka yi a madadi. In kuma shekaru suna tafiya, ka ga aikin yana raba ka da Allah da iyalinka, ka fara addu'a da neman wata ƙofa cikin haƙuri.

Kalma ga masu gida

Sau da yawa Kirista ne yake hana Kirista Lahadi. Uwargida ta yi ado ta tafi Misa, ta bar yarinyar aiki da tulin wanki. Maigida yana zaune a sahun gaba a coci, yaransa suna shago suna sauke kaya. 'Yan'uwa, dokar da ke cikin Maimaitawar Shari'a da ku take magana kai tsaye: baranka ya huta kamar yadda kake hutawa. Katekizim a lamba ta 2187 ya ce kada mu ɗora wa wasu bukatun da ba dole ba, waɗanda za su hana su kiyaye Ranar Ubangiji. Tun a 1891 Paparoma Liyo na Goma Sha Uku ya lissafa hutun ibada cikin haƙƙoƙin ma'aikaci. In yaronka Musulmi ne, ka sake shi ya tafi Juma'a da sakakkiyar fuska, gama mudun da ka auna wa wani da shi za a auna maka.

Ku kuma da Allah ya ba ku sararin zuwa kowane mako, kada ku yi wa wanda ba ku gani ba shari'a. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su san sunayen waɗanda aiki ko hanya ta riƙe, a kira su a waya, a gaya musu abin da aka karanta, a ambace su cikin addu'ar masu bi. A shaida wa Fada inda marasa lafiya da tsofaffi suke, domin a kai musu Jikin Kristi kamar yadda dikinonin zamanin Yustin suka yi.

Bari Ubangiji Yesu, wanda ya yi aikin sassaƙa da hannunsa a Nazarat, ya tsare masu tsaronmu, ya ƙarfafa masu jinyarmu, ya mai da manomanmu gonakinsu lafiya. Ya kawo ranar da za a bi hanyar Magami ba fargaba, mu taru a bagadensa ba wanda ya rage. Uwarmu Maryamu ta Fatima ta yi roƙo dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko muku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.